Littafin aiki: takardar Hausa kan iyakar ƙwaƙwalwa a Linux

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Ranar Juma'ar da ta wuce na'urarmu ta daskare. Ita kaɗai ce babba a ɗakin koyon kwamfuta da nake kula da shi a nan Damagaram. Tsohuwa ce, ƙwaƙwalwarta gigabait 8, Debian 12 ne a kanta, wani nau'in Linux, da kanel 6.1, wato zuciyar tsarin da ke raba wa shirye-shirye ƙwaƙwalwa, kuma ɗalibai goma sha huɗu ne ke shiga cikinta daga ƙananan kwamfutocin da ke gabansu. Wani yaro ya rubuta ɗan shiri da ke ta tara lambobi ba ya saki. Ba a yi minti uku ba komai ya tsaya cik, har da aikin wata ɗaliba da ta yi awa biyu tana bugawa ba ta adana ba. Sai da na kashe na'urar da hannu.

A daren na sa wa kowane ɗalibi iyakar megabait 500. Yau da safe suka tambaye ni me na yi. Na buɗe baki na ji ina ta cakuɗa Faransanci da Turanci, Hausar da ke ciki ba ta wuce "sai" da "kuma" ba. Ba su fahimta ba, kuma abin ya tsaya mini a rai. Su ne gobe za a ba riƙon na'urorin ofisoshi da asibitoci, bai kamata su haddace umarni ba tare da sun san abin da yake yi ba.

Don haka zan rubuta takarda da Hausa kan yadda kanel ke kayyade ƙwaƙwalwar da rukunin ayyuka zai ci. Tushena takardu biyu ne da ke cikin kanel ɗin kansa, ƙarƙashin Documentation/admin-guide: cgroup-v2.rst da cgroup-v1/memory.rst. Ba fassara su zan yi ba. Sharaɗi ɗaya na gindaya wa kaina: duk jimlar da ta ce na'ura tana yin kaza, ba za ta shiga takarda ba sai na ga kazan da idona a kan wannan na'ura.

Alhamis, 9 ga Janairu

Ranar kasuwa, gari a cike, da ƙyar na sami kabu-kabu zuwa Birni. Na je wurin Malam, tsohon malamina na Hausa da ya yi ritaya, da jerin kalmomi.

Kalmar farko ta ba mu wuya. A nan in ka ce "memuwar", kowa katin waya yake ji, wanda ake zuba wa waƙa da hotuna. Abin da nake nufi daban ne: wurin da na'ura ke riƙe abin da take aiki a kai yanzu, wanda ke gogewa in wuta ta ɗauke. Mun tsaya kan ƙwaƙwalwa, da sharaɗin in bambanta ta da faifai tun a shafin farko.

Shirin da ke kan gudu mun kira shi aiki. Sai cgroup, wato tarin ayyukan da kanel ke sa wa iyaka tare. Na zo da "rukuni", Malam ya ce ba laifi amma ba ta da jini. Ya tambaya:

"Ka ce in aiki ya haifi wani aiki, ɗan yana zama inda uwar take?"

"Haka ne, Malam, sai in an ɗauke shi an kai wani wuri."

"Kuma aiki ɗaya ba ya zama wuri biyu?"

"A sabon tsarin cgroup ba ya yi."

"To, ɗana, ai garke ke nan."

Na karɓa. Wanda kanel ke aikowa ya kashe aiki in ƙwaƙwalwa ta ƙare kuwa, Malam bai yi jinkiri ba: hauni. Na ɗan ja baya, na ga kamar ta yi nauyi. Ya ce a fada ma hauni ba ya yanke hukunci, zartarwa kawai yake yi bayan an gama shari'a. Wannan ya yi daidai da abin da ke faruwa, domin ba a kiransa sai an nemi hanya an rasa.

Litinin, 13 ga Janairu

Babin tarihi, shafi ɗaya. Injiniyoyin Google biyu, Paul Menage da Rohit Seth, su suka fara aikin a 2006. Ya shiga kanel 2.6.24 a farkon 2008, sashen ƙwaƙwalwa ya biyo baya a 2.6.25, da hannun mutane irin su Balbir Singh da Pavel Emelianov. Daga baya Tejun Heo ya jagoranci sake gini, tsari na biyu ya tabbata a kanel 4.5 a 2016. Fedora 31 ce ta fara ɗaukarsa kai tsaye a 2019, Debian ta bi a fitowa ta 11 a 2021.

Dalilin sa tarihin shi ne ɗalibi zai shiga intanet ya tarar da bayanai iri biyu masu karo da juna. Inda ya ga memory.limit_in_bytes tsohon tsari ne, inda ya ga memory.max sabo ne. Ita kanta takardar tsohon tsarin ta faɗa a samanta cewa ta tsufa ƙwarai, tana bukatar a sake rubuta ta. Na yanke shawara sabo zan koyar, tsohon kuma in ambace shi kawai inda zai iya ruɗa mutum. Gane wanda ke kan na'urarka ba wuya: stat -fc %T /sys/fs/cgroup. In ta amsa cgroup2fs sabo ne. Tamu haka ta amsa.

Asabar, 18 ga Janairu

Gwajin farko, ɗakin babu kowa. Na buɗe garke mai suna gwaji da mkdir a cikin /sys/fs/cgroup, fayiloli suka bayyana da kansu. memory.max na ɗauke da kalmar max, wato babu iyaka. Na rubuta 100M, na karanta, ta ba ni 104857600.

Sai na gwada rubuta 1000000. Ta mayar mini da 999424. Na yi lissafi a bayan takarda: 244 sau 4096. Kanel ba ya ƙirga ƙwaƙwalwa da bait ɗai-ɗai, da shafi yake ƙirgawa, kuma shafi a wannan na'ura bait 4096 ne, abin da bai cika shafi ba ya zube. Kamar mai awo ne da ba ya sayar da rabin tiya. Ƙaramin abu ne, amma na ba shi sakin layi guda, don na san akwai wanda zai ga lambar ta sauya ya ɗauka ya yi kuskure.

Na mayar da 100M, na sa lambar tashata, wato shirin da nake buga umarni a ciki, cikin cgroup.procs don ta shiga garken, na kunna tail /dev/zero, wanda ke cin ƙwaƙwalwa ba ƙarewa tunda ba zai taɓa samun ƙarshen layi ba. Ina jiran a kashe shi nan take, sai ya ƙi mutuwa, fitilar faifai ta kama ƙyaftawa. Na manta da suwap, wato wurin da ake jibge ƙwaƙwalwa a kan faifai in ta yi yawa. memory.max bai hana garke kwarara can ba. Na sa 0 a memory.swap.max na sake. Ƙiftawar ido hauni ya zo. Lambar fita 137, wato 128 da 9, kuma 9 ita ce alamar kisan da aiki ba ya iya kaucewa. A memory.events layin oom_kill, mai ƙirga kisan hauni, ya koma 1. Sauran na'ura ko gezau.

Nan akwai tarko ga wanda ya saba da tsohon tsari. Can memory.memsw.limit_in_bytes jimillar ƙwaƙwalwa da suwap ce a haɗe. A sabo memory.swap.max suwap ne zalla. Wanda ya kwafo lamba daga can ya zuba nan ya ba garken fiye da abin da ya yi niyya.

Talata, 21 ga Janairu

Na so in buɗe ƙananan garke biyu a cikin gwaji. Rubuta +memory a cgroup.subtree_control ya ƙi, na'ura ta ce wurin na cikin aiki. Dalili: tashata tana zaune a gwaji. A sabon tsari garken da zai raba wa ƴaƴansa ƙwaƙwalwa ba ya riƙe ayyuka da kansa, sai dai tushen bishiyar, wato babban garken da sauran duk ke ƙarƙashinsa. Na kwashe tashar zuwa ƙaramin garke, ya karɓa. Na rubuta dokar da saƙon kuskuren yadda yake fitowa.

Talata, 28 ga Janairu

Mako guda ke nan ina kan memory.high, kuma yanzu na ga cewa gyaran da na yi wa ɗalibai a daren nan rabin gyara ne.

Da na fara, na ɗauka high ƙanen max ne, gargaɗi kafin bulala. Ba haka ba ne. Takardar kanel 6.1 ta ce shi ne babbar hanyar kula da cin ƙwaƙwalwa, max kuma katangar ƙarshe ce. Wuce high ba ya taɓa jawo hauni. Abin da ke faruwa shi ne duk aikin da ya nemi ƙari bayan garkensa ya haura, sai a sa shi ya ƙwato wani shafi da kansa tukuna. In ƙwaton bai wadatar ba a riƙe shi ya jira, kuma gwargwadon nisan da ya haura gwargwadon jiran, har zuwa daƙiƙa biyu a kowane karo.

Na gwada: high 100M, max a buɗe, suwap a rufe, tail ɗin nan dai. Ya zabura ya kai ɗari, sai ya koma tafiyar hawainiya. Na sha shayi na dawo yana nan da rai, memory.current, mai nuna abin da garke ya ci a yanzu, ya ɗan gota kaɗan, layin high a memory.events yana ta hawa, oom_kill kuwa 0. Tunda abin da ya riƙe ba kwafin fayil ba ne, kuma na rufe suwap, babu abin da za a ƙwato, sai jira kawai.

Na daɗe ina tunanin yadda zan faɗi wannan da gaskiya, don yana da fuska biyu. Ga ɗalibar da ke buga aikinta, high rahama ne: na'ura ta yi mata nauyi, ta lura, ta adana, ba ta rasa komai ba. Ga shirin da ya haukace ba kowa kusa, high azaba ce mara ƙarshe, bai mutu ba bai yi rai ba, har sai wani ya zo ya duba. Shi ya sa na rubuta cewa high yana son mai gadi, mutum ko shiri, kuma a sa max a samansa. Ban yarda da bayanan da ke cewa "sa max ka huta" ba. Ni ma haka na yi ranar farko, kuma cikin makonnin nan an kashe wa ɗalibai biyu aiki ba sanarwa.

Wani abu da na gani yau: in ka saukar da max ƙasa da abin da garke ya riga ya ci, sabon tsari zai yi ƙoƙarin ƙwatowa, in ya kasa ya kira hauni nan take. Tsohon tsari ƙin karɓar lambar yake yi. Na sa wannan da manyan baƙaƙe.

Lahadi, 2 ga Fabrairu

Na kama kuskure a rubutuna. A babi na biyu na ce in ka kai aiki wani garke, ƙwaƙwalwarsa na binsa. Na rubuta ne don ya yi kama da hankali, ban gwada ba, na karya sharaɗina. Yau na gwada: shiri ya riƙe megabait 80 a garken farko, na mayar da shi na biyu. memory.current na farko bai sauka ba, na biyu kusan fanko. Ana ɗora shafi ne a kan garken da ya fara samar da shi, kuma yana nan a kansa har a sake shi. Abin da aikin ya nema bayan ƙaura ne kawai ke hawa kan sabon garke. A kanel 6.1 tsohon tsari yana da wani maɓalli na kwashe nauyin tare da aiki, sabo ba shi da shi. Ma'ana, a haifi aiki a garkensa tun farko, kada a jira ya ƙoshi sannan a kai shi.

Daga nan na faɗa batun da ya fi kowane ruɗa mutane. Wata ɗaliba ta nuna mini jiya:

"Malam, shirina ƙarami ne, amma ga shi an ce na kusa cinye rabona."

Muka buɗe memory.stat tare. Layin anon, wato abin da shirin ya riƙe na kansa, bai kai megabait 30 ba. Sauran duk a layin file yake. Duk fayil da aka karanta daga faifai, kanel na ajiye kwafinsa a ƙwaƙwalwa don in an sake nema ya zo da sauri, kuma ana lissafa shi a kan garke. Amma wannan kaya ne mai sauƙin zubarwa, tunda asalinsa na kan faifai. Na nuna mata: a garke mai iyakar 100M na karanta fayil mai megabait 300, ba a kashe komai ba, an yi ta zubar da tsohon kwafi ana ɗaukar sabo. Cikar memory.current kaɗai ba alamar haɗari ba ce.

To in garke biyu na karanta fayil ɗaya, wa ke biya? Duk ɗan Damagaram ya san wannan. A gidan haya, wanda ya kira mai garuwa shi ke biya, amma kowa na ɗiba daga randar. Wanda ya fara janyo shafin shi aka ɗora wa. Takardar kanel ta ƙara da cewa a kayan da ake tarayya ba a iya cewa tabbas wa zai ɗauka, sai dai a hankali nauyin kan gangara wurin garken da ke da yalwa, domin matsattsen yana zubarwa, mai yalwa ya sake janyowa da sunansa.

Banda guda: fayilolin /dev/shm da sauran tmpfs, wato ma'ajiyar fayil da ke zaune a ƙwaƙwalwa. Suna fitowa a lissafin file, da nasu layin shmem, amma ba su da asali a faifai, don haka ba a zubar da su, sai dai a tura su suwap. Na ajiye megabait 60 a can, na kashe shirin, nauyin na nan a kan garken har sai da na goge fayil ɗin.

Laraba, 5 ga Fabrairu

An ɗauke wuta tun hantsi, hazo ya rufe gari. Na buɗe na'urar na kakkaɓe ƙura. Gyaran rubutu kawai na yi a takarda da biro.

Laraba, 12 ga Fabrairu

memory.min da memory.low. Kalmar "iyaka" ba ta dace da su ba ko kaɗan, kuma da na bar ta da na ɓatar da mai karatu. High da max suna hana garke ci. Waɗannan biyu suna hana a ƙwace masa. Na kira su kariya. Low kariya ce ta iya ƙoƙari: ba a taɓa abin da ke ƙasa da ita muddin akwai wani wurin ƙwatowa. Min, da ya zo a kanel 4.18, ba a taɓa shi ko ana ha-maza-ha-mata, gara a kira hauni.

Gwada su ya fi wuya, don ba sa nuna kansu sai duk na'ura ta matsu. Sai da na cika ta da gangan bayan an tashi. Na ga abu ɗaya da ya cancanci shafi: kariyar ɗa ba ta wuce ta uwa. Na ba ƙaramin garke low 500M alhali uwar na da 0, aka ƙwace masa kamar ba a sa komai ba. Dole a bi bishiyar tun daga sama. In kuma ƴaƴa suka nemi fiye da abin da uwa ke da shi, ana raba musu gwargwadon abin da kowa ke amfani da shi a ƙarƙashin kariyarsa. Wannan rabon ban gwada shi yadda nake so ba, na sa masa alama, bai shiga takarda ba tukuna.

Kafin in tashi na gwada memory.oom.group, na kanel 4.19. In ka sa 1, hauni ba ya zaɓar aiki guda, garken duka yake ɗauka. Tashata na ciki, ta tafi tare da su. Amfaninsa a fili yake: shirin da ke da ayyuka biyar masu dogaro da juna, gara ya mutu gaba ɗaya a tayar da shi da a bar shi gurgu. Aikin da aka sa wa oom_score_adj na -1000 shi kaɗai ake tsallakewa.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Na ba ɗalibai uku babi huɗu na farko, na zauna gefe na yi shiru. Garke da hauni sun shiga ba tambaya. Inda suka tsaya shi ne: ta yaya mutum zai san lambar da zai sa? Gaskiyarsu, ban amsa wannan ba ko'ina.

Na ƙara babi. A bar aiki ya yi gudunsa ba iyaka, a duba memory.peak, wanda ke nuna mafi yawan abin da garke ya taɓa ci, ya zo a 5.19 don haka muna da shi. Sannan a riƙa saukar da high a hankali ana kallon memory.pressure. Wannan fayil, aikin Johannes Weiner da ya shiga a 4.20, ba yawan ƙwaƙwalwa yake aunawa ba, lokacin da aka ɓata ana jiranta yake aunawa. Layin some na nufin wasu ayyuka sun tsaya jira, full na nufin duka sun tsaya, kowanne da matsakaicin daƙiƙa 10, 60 da 300. Inda lambar ta fara tashi, nan ne ka taɓa naman jiki, sai ka ɗan koma sama.

Yaron da ya daskarar da na'urar yana cikin ukun. Shi ya lura cewa duk abin da muka rubuta da hannu yana gogewa in an sake kunna na'ura. Na nuna masa cewa a Debian systemd, shirin da ke tayar da sauran shirye-shirye in an kunna na'ura, shi ne ke riƙe da bishiyar, kuma sunayen sun yi daidai: MemoryHigh, MemoryMax, MemoryLow, MemoryMin, MemorySwapMax. Ya gwada systemd-run --scope -p MemoryMax=200M da shirin nasa na ranar nan. Ya mutu shi kaɗai.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na sauya saitin ɗalibai a /etc/systemd/system/user-.slice.d: high 400M, max 600M. Sha huɗu sau 600 ya kama 8400, ya ɗara abin da na'urar ke da shi, kuma da gangan ne. Tsarin ya yarda jimillar iyakoki ta wuce abin da ake da shi, kuma ban taɓa ganin su duka sun cika a lokaci ɗaya ba. Zan riƙa duba memory.events na kowa duk Asabar in ga ko lissafin ya tsaya.

Takarda ta kai shafi goma sha tara. Na kai wa Malam babi shida, ya ce in dawo bayan sati. Ya riga ya soke "matsin lamba" da na sa wa pressure, ya ce ta ƴan siyasa ce, in sa "ƙunci".

Saura uku: rabon kariya tsakanin ƴaƴa, memory.reclaim na ƙwato ƙwaƙwalwa da hannu, da garken da aka goge amma nauyinsa bai gama sauka ba, wanda ake gani a layin nr_dying_descendants na cgroup.stat. Azumi na bakin ƙofa, za a riƙa tashi da wuri, don haka na'urar za ta zama tawa daga azahar. Da rabon kariya zan fara, ina bukatar garke uku da fayil mai gigabait 2.